Wanke haƙoran roba a mikro-ond: yana kashe cuta, yana kuma iya lanƙwasa haƙoran

A unguwanninmu, ko a Zongon Parakou ko a Djougou, mutum zai gaya maka yana da hawan jini, zai gaya maka yana shan maganin sukari, amma da wuya ya gaya maka haƙoran da yake maka murmushi da su na roba ne. Abin kunya ake ɗaukarsa. Dattijo yakan yi shekara goma da su jikokinsa ba su sani ba. Saurayin da ya faɗi a kan zem ya rasa haƙoran gaba biyu yakan je a yi masa na roba a ɓoye, ko budurwarsa ba za ta ji ba. Tunda kuwa ba a maganarsu, ba a maganar wankinsu. Kowa da dabararsa: wani gawayi, wani gishiri, wani ruwan zafi, wani kuma ba ya cire su sam, dare da rana.

Masu yawo a intanet sukan ci karo da wata dabarar kuma: wai a sa haƙoran a na'urar ɗumama abinci, wadda a nan muke ce wa mikro-ond, 'yan'uwanmu na Najeriya kuma su ce maikurowef, minti kaɗan duk ƙwayoyin cuta sun mutu. Na bi diddigin maganar. Gaskiya ce, likitoci sun gwada ta kuma ta yi aiki. Sai dai tana da sharuɗɗa masu tsauri, kuma da yawa daga cikin haƙoran da mutanenmu ke sakawa, da na'urorin da ke gidajenmu, ba su cika waɗannan sharuɗɗa ba.

Abin da ke ɓuya a ƙarƙashin roba

Tun ƙarshen shekarun 1930 ake yin haƙoran nan da wata roba mai tauri da ake kira akirilik. A ido sumul take, amma ɓangaren da ke kwanciya a kan dasashi da ganɗa, wato rufin baki na ciki, ba a goge shi ya yi santsi, domin dole ya bi siffar bakin mai shi. Wannan ɓangare cike yake da 'yan ramuka da ido ba ya gani. A nan ragowar abinci da yawu ke haɗuwa su yi wani yauƙi mai maƙalewa, a cikin yauƙin kuma ƙwayoyin cuta ke yin gida.

Babbar mai gidan ita ce wata ƙwaya dangin yis da funfuna, sunanta Candida albicans. Tana bakin mutane da yawa masu lafiya ba tare da ta cutar da su ba. Amma idan ta samu wuri mai ɗumi, mai laima, wanda yawu ba ya wanke shi, sai ta yi yawa. Ƙarƙashin haƙoran roba kuwa haka yake. Sai ganɗa ta yi ja wur daidai inda robar ke kwanciya, wani lokaci da zafi-zafi, wani lokaci da tsagewar gefen baki, da warin da asuwaki ba ya kawarwa. Sau da yawa ba ta ciwo ko kaɗan, shi ya sa mai ita ba ya sani sai likita ya leƙa. Ta fi kama masu ciwon sukari, da masu shan taba, da waɗanda bakinsu ke bushewa, da masu kwana da haƙoran a baki.

Likita zai iya rubuta maganin shafawa ko na kurkura, irin su nistatin ko mikonazol. Baki ya warke, a mayar da haƙoran da ba a kashe musu ƙwayar ba, cuta ta dawo. Wannan ne ya sa masana suka daɗe suna neman hanyar tsabtace robar kanta.

Daga Amurka zuwa Brazil

A shekarar 1985 wasu masana haƙori biyu a Amurka, Rohrer da Bulard, suka wallafa cewa mikro-ond na iya kashe ƙwayoyin cuta a jikin kayan aikin haƙori, har da haƙoran roba. Amma waɗanda suka fi zurfafa bincike a kai su ne likitocin makarantar haƙori ta Araraquara, a jihar São Paulo ta Brazil. A 2008 sun wallafa gwajin da suka yi da marasa lafiya: a nitsar da haƙoran cikin ruwa mililita 200, wato kamar kofi ɗaya, a kunna na'ura mai ƙarfin wat 650 na minti 6, sau uku a mako, har kwana 30. Jan bakin ya ragu, ƙwayar ta ragu.

Daga baya suka rage lokacin zuwa minti 3, domin sun ga hakan ma yana kashe ƙwayar, kuma bai kai minti 6 wahalar da robar ba. A 2012 sun wallafa gwaje-gwaje da suka kwatanta wannan hanya da maganin nistatin cikin kwana 14, ɗaya daga ciki a kan masu ciwon sukari da ke kan magani. Hanyoyin biyu suka yi kunnen doki. A duka biyun kuma, bayan an daina, akwai waɗanda cutar ta dawo musu.

Ka lura da abin da ke cikin waɗannan gwaje-gwaje, mai karatu. Haƙoran cikakku ne na wanda ba shi da haƙori ko ɗaya a sama, roba zalla, babu ƙarfe. Suna nitse cikin ruwan da aka auna. An san ƙarfin na'urar. An ƙayyade minti, an ƙayyade kwanaki. Kuma magani ne na ɗan lokaci ga wanda aka duba aka ga yana da cutar, a ƙarƙashin idon likita. Ba wankin yau da gobe aka tsara ba.

Inda gizo ke saƙar

Mikro-ond tana aika wasu igiyoyin lantarki da ke jujjuya ƙwayoyin ruwa sau biliyoyi a daƙiƙa ɗaya, daga nan zafi ke fitowa. Kofi ɗaya na ruwa a wat 650 yakan tafasa kafin minti 3 su cika. Wato babban abin da ke kashe cutar shi ne zafin ruwan da ya kewaye haƙoran. Shi ya sa idan aka sa su a bushe, wani gefe ya yi zafi ƙwarai, wani gefe bai yi ba, ƙwayar ta tsira, robar kuma ta iya murɗewa.

Matsalar ita ce akirilik na fara laushi ne a kusa da zafin da ruwa ke tafasa, wajen digiri 100. Tsakanin zafin da ke kashe cuta da zafin da ke lanƙwasa haƙori, tazarar kaɗan ce. Ƙungiyar ƙwararrun likitocin haƙoran roba ta Amurka, a ƙa'idojin da ta fitar a 2011, cewa ta yi kada a taɓa sa haƙoran roba a tafasasshen ruwa. Gwaje-gwajen da aka yi a kan girman robar bayan mikro-ond ma bakinsu bai zo ɗaya ba: wasu sun ga canji ƙanƙane, wasu sun ga robar ta tsuke, musamman idan aka tsawaita lokaci ko aka yi ta maimaitawa. Haƙorin da ya taɓa karyewa aka gyara ya fi rauni, domin robar gyara, wadda ke daskarewa da kanta ba tare da an dafa ta ba, ta fi saurin laushi.

Haƙoran roba kuwa ba takalmi ba ne da za a ce zai buɗe da tafiya. Idan suka karkace ko da ɗan ƙanƙane ne, sai su fara rawa a baki, su goge dasashi su yi gyambo, sakwara da nama su gagara. Gyara ba ya mayar da su, sai dai sababbi. Sababbi kuwa kuɗi ne da zirga-zirga, domin likitocin haƙori a ƙasar nan kaɗan ne, yawancinsu kuma suna kudu, wajen Kwatano. Mutumin ƙauyen Donga da ya sayar da buhunan masara aka yi masa haƙora, ba ƙaramar asara ba ce a ce minti uku sun lalata su. Garin gyaran gira kada a rasa ido.

Na'urorin gidajenmu

Na leƙa bayan na'urori da dama a wajen masu sayar da kayan lantarki na hannu, irin waɗanda ke sauka a tashar jirgin ruwan Kwatano su hauro arewa, waɗanda mutanen Kano ke ce wa 'yan Kwatano. Wata an rubuta 700, wata 800, wata 900, wata takardar ta goge gaba ɗaya. Akan kuma rubuta lamba biyu: babbar ita ce wutar da na'urar ke ci, ƙaramar ita ce wadda take bai wa abinci. Wadda ake nufi a binciken ita ce ƙaramar.

Lissafin mai sauƙi ne. Na'ura mai wat 900 a minti 3 tana zuba zafin da ya fi na mai 650 da kusan kashi 40 cikin 100. Idan ka ce bari ka murɗa maɓallin zuwa tsakiya, yawancin na'urorin ba rage ƙarfi suke yi ba, kunnawa da kashewa suke yi a jere, don haka ba za ka san adadin da ka bayar ba. Ga kuma tsufa, wanda ke rage ƙarfin na'ura. Ga kuran da kan yi ƙasa da maraice lokacin da kowa ya kunna, ga masu aiki da janareta. A irin wannan hali ko dai zafi ya wuce kima haƙori ya lalace, ko ya gaza ka ɗauka ka kashe cuta alhali tana nan.

Akwai wani haɗarin kuma da ya shafi mai ɗaukowa. Ruwan da aka dafa a mikro-ond cikin kofi mai santsi yakan wuce zafin tafasa ba tare da ya nuna ba, sai an taɓa kofin ya yi tsalle ya watsu a hannu ko a fuska. Tsohuwar da idonta ya yi rauni, ko yarinyar da aka aika, su ne za su ƙone.

Waya da haƙorin Makka

Wanda ya rasa haƙori biyu ko huɗu kawai, akan yi masa 'yar roba mai siririyar waya da ke rungumar haƙoran da suka rage. Wasu ma gindin duka na ƙarfe ne. Irin waɗannan ba su shiga mikro-ond, ko da wasa. Siririn ƙarfe mai tsini yana tartsatsi a cikinta, ya ƙona robar da ke kewaye da shi, ya iya lalata na'urar. Haka nan wanda ya sa aka dasa masa na zinariya ko na azurfa a jikin na robar, don kada alamar haƙorin Makka ta ɓace bayan na asalin ya fita. Alhaji da Hajiya, in dai akwai ɗigon ƙarfe a jiki, maganar mikro-ond ta ƙare.

Sai kuma waɗanda aka liƙa musu haƙori a bakin kasuwa, aka manne shi da na kusa ta yadda ba ya fita. Wannan ba a iya wanke ƙarƙashinsa ta kowace hanya. Abinci na taruwa, dasashi na kumbura, haƙoran kirki da ya jingina da su na ruɓewa. Maganinsa shi ne a je asibiti a cire.

Barci da haƙora a baki

Abin da ya fi tayar mini da hankali a duk karatun da na yi bai shafi na'ura ba. A 2015 wasu likitoci a Japan suka wallafa binciken da suka yi a kan tsofaffi 524 na birnin Tokyo, masu shekara 85 zuwa sama, waɗanda suka bibiya har shekara uku. Sun gano cewa masu kwana da haƙoran roba a baki, haɗarin kamuwarsu da ciwon huhu mai tsanani, wanda ke kwantar da mutum a asibiti ko ya yi ajalinsa, ya ninka na masu cirewa fiye da sau biyu. Dalilin a fili yake. Tsoho yana barci, yawu na silalewa kaɗan-kaɗan ta hanyar numfashi, yana ɗauke da ƙwayoyin da suka kwana a jikin robar, su sauka a huhu.

Mu kuwa a nan kunya ce ke sa a kwana da su. Ɗaki ɗaya ake kwana da jikoki, ko da kishiya a tsakar gida ɗaya, ba wanda ke son a ga bakinsa a lotse, ko a ga haƙoransa a kwano. Ina da goggo a Parakou da ta yi shekaru da haƙoran sama na roba, mu 'ya'yan ɗan'uwanta ba mu sani ba sai da rashin lafiya ta kwantar da ita, ma'aikaciyar jinya ta nemi a cire su. Ganɗarta ta yi ja kamar an shafa barkono. Mace ce mai tsabta, wadda ba a raba ta da asuwaki da turare. Ba wanda ya taɓa gaya mata cewa ana cirewa da dare, ita kuma ba ta ga wanda za ta tambaya ba.

Ba ita kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a faɗin duniya kusan mutum 23 cikin 100 na masu shekara 60 zuwa sama ba su da haƙori ko ɗaya. Abin da ya sami kusan ɗaya cikin huɗu na tsofaffin duniya bai kamata ya zama abin ɓoyo ba.

Abin da ke hannun kowa

Hanyar da likitoci suka yi ittifaƙi a kanta ba ta buƙatar kuran. Bayan kowane cin abinci a cire haƙoran a ɗauraye, a kurkure baki. Sau ɗaya a rana aƙalla a wanke su da buroshi mai laushi da sabulun ruwa mara ƙarfi, ciki da waje, a fi ba da ƙarfi a ɓangaren da ke taɓa nama. A yi wankin a kan kwano mai ruwa, domin in sun suɓuce a kan siminti karyewa suke yi.

Man goge baki na yau da kullum, da gawayi, da toka, da gishiri, duk suna kankare robar, su ƙara mata ramukan da cuta ke ɓuya. Na san abin da ke kai mutane ga gawayi: jan goro. Djougou tsohon zango ne a hanyar fataken goro daga Gwanja zuwa ƙasar Hausa, kuma har yau bakin dattijo ba ya rabuwa da shi. Goro da shayi da taba suna rina roba. Amma kankara ba ta fitar da rinin, sai ma ta sa na gaba ya fi kamawa. Likita na da injin da ke goge su su dawo sumul. Asuwaki kuma a bar shi ga haƙoran da suka rage. Dasashi da ganɗa da harshe a shafe su a hankali da buroshi mai laushi ko tsumma mai tsabta.

Da dare, bayan an ci an yi sallar isha'i, a cire su a sa a ruwa mai tsabta, mai sanyi, cikin mazubi mai murfi. Kada a naɗe su a tsumma ko a tura ƙarƙashin matashi, balle a hunturu da iska ke busar da komai, domin robar da ta bushe tana iya canza siffa. A canza ruwan kullum, a wanke mazubin.

Don kashe ƙwayar cuta, akwai ƙwayoyin da ake jefawa a ruwa su yi kumfa, ana samunsu a wasu farmasi. Na jiƙa haƙora ne kawai, ba a sha, ba a kurkure baki da su, kuma a ɗauraye sosai kafin a mayar. Akwai kuma jabel ɗinmu na wanki, wanda bincike ya nuna yana kashe Candida idan aka sirka shi ya koma kashi 0.5 cikin 100. Duba jikin kwalbar: in an rubuta 2.6, awo ɗaya na jabel a awo huɗu na ruwa ke ba da wannan ƙarfin. Kada jiƙon ya wuce minti 10, kuma ba kullum ba, domin yana kodar da launin robar. Ba a sa mai waya ko ƙarfe a ciki, yana cinye ƙarfen. Ba a haɗa jabel da binega ko wani abin wanki, yana fitar da iska mai guba. A ɗauraye har sai warin ya fita, a kuma zubar da ruwan nan take, kada yaro ya ɗauka na sha ne. Masu haƙora masu waya su tambayi likita maganin kurkura mai kuloheksidin, shi ma da ƙa'idarsa, domin yawan amfani da shi na rina haƙora.

To, mikro-ond fa? In haƙoranka roba ce zalla, kana fama da jan bakin da ke tafiya yana dawowa, kai maganar gaban likitan haƙori. Shi zai duba irin robar, ya ga ko an taɓa gyara ta, ya ce a yi ko kada a yi, da sau nawa. Kada ka gwada don ka gani a waya.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi

Ƙashin da haƙora suka fita daga cikinsa yana ci gaba da lotsewa shekara da shekaru, shi ya sa haƙoran da suka zauna daram a bara ke rawa bana. Wannan ma dalili ne na kai su a duba sau ɗaya a shekara, ko da babu ciwo. Kada a kankare su da wuƙa don su zauna, kada a liƙe karaya da gam ɗin takalmi. Gyambon baki da ya wuce mako biyu bai warke ba, ko wani fari ko ja da ya ƙi tafiya, ko ƙari, ba abin jira ba ne, domin kansar baki ma haka takan fara. A Parakou akwai babban asibitin koyarwa na Borgou da Alibori. A Djougou akwai asibitin Ordre de Malte, daga nan sai a nemi a haɗa mutum da likitan haƙori. Mai ciwon sukari ya faɗi haka tun da farko.

Sauran aikin namu ne, 'ya'ya da jikoki. Ba sai an tsare tsoho da tambaya a gaban mutane ba. A sayo ɗan mazubi mai murfi wanda ba a ganin cikinsa, da buroshi mai laushi, a ajiye kusa da shimfiɗa, a ce: "Baba, ga wannan na ajiye muku, likitoci sun ce barci ya fi lafiya in baki ya huta." Ko: "Inna, in kun gama ku bar shi nan, ni zan canza ruwan da safe." Wanda ke jinyar tsohon da ba ya iya yi da kansa, ya sa wankin haƙoran a cikin aikin dare, tare da magani da gyaran shimfiɗa. A hana yara dariya, a hana su wasa da mazubin.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana.